Darasi Na 14: Ƙarfin Ruwan Famfo

Ruwa abokin aiki ne. A Malam Madori da ƙauyukanta, yawancin ruwan shanmu daga rijiyar burtsatse yake. Inji ya jawo shi, ya zuba a tanki, ya biyo bututu zuwa famfo. Wani gida ruwan yana zuwa da ƙarfi. Wani gida kuwa sai ɗigo. Me ya sa haka?

Mu sami gwangwani, mu huda shi da ƙusa wuri 3: sama, tsakiya da ƙasa. Mu cika shi da ruwa. Za mu ga hudar ƙasa ta fi fitar da ruwa da ƙarfi, domin ruwan da ke bisanta yana danna shi. To, haka famfo yake. Tsayin tanki shi ne ƙarfin ruwa. Tankin da ya ɗara famfo da mita 6, ƙarfinsa ya ninka na mai mita 3.

A Kano, a kan Goron Dutse aka gina ma'ajiyar ruwa. Mu ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da dutse. Shi ya sa muke ɗora tanki a kan dogon ƙarfe.

In ruwa ya yi rauni a gidanmu, mu fara tambayar maƙwabta. In nasu ma haka yake, daga tanki ne. Sai mu gaya wa mai unguwa. In namu ne kaɗai, mu duba abu 3. Na fari, makullin da ke bakin bututun gida, ko ba a buɗe shi duka ba. Na biyu, kan famfo. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi yakan biyo ruwa ya toshe shi. Mu kwance, mu wanke. Na uku, mu bi hanyar bututu. Inda muka ga ƙasa ta jiƙe da rani, nan yake yoyo.

Kada mu raina yoyo. Sa'ad da bututu yake cike, ruwa ke fita ta tsagar. Amma da an ɗauke ruwa, sai ƙazantar kwata ta shiga ta nan, mu sha ba mu sani ba. Daga nan ake ɗaukar zawo da amai da gudawa. Abin ya fi muni in Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar ta 2022, don ruwa yakan kwanta a kan bututu. Rigakafi ya fi magani. Mu kira mai gyara tun da wuri.

In kuwa ruwa yana zuwa da ƙarfi har yana fallatsi, mu rage makulli kaɗan kaɗan. Kada mu rufe famfo farat ɗaya, bututu yakan girgiza ya tsage. In mun rage namu, na ƙarshen layi su ma sa samu. Maƙwabci yana da hakki a kanmu.

TAMBAYOYI

1. Wace huda ce ta fi fitar da ruwa da ƙarfi?
2. Don me muke ɗora tanki a sama?
3. Ina haɗarin bututu mai yoyo?

Rubuta waɗannan: tanki, bututu, famfo, makulli, yoyo.