Kafin ka biya kuɗin VPN, ɗana

Ɗana, na ga saƙonka da hoton tallan da ka haɗo da shi, mai agogon nan da ke ƙirga daƙiƙoƙi, wai saura awa tara rangwamen ya ƙare. Ka ce in ara maka katina ka biya na shekara biyu kafin tafiyarka Guangzhou sarin kaya. Katin ba abin da zan hana ka ba ne. Amma ka bar agogon ya yi ta ƙirgensa, sau da yawa in ka koma washegari za ka tarar an mai da shi farko. Zauna mu yi magana tukuna, don abin da kake shirin saya ba riga ba ce da za ka ɗaga ka duba ɗinkinta.

Ka san yadda muke ba da saƙo a tasha. Duk lokacin da ka buɗe wani shafi a wayarka, kamar ka aika ambulan ne ta hannun kamfanin layinka, ko ta hannun mai wayifai na otal ɗin da ka sauka. Yawancin shafuka a yau ambulan ɗinsu a manne yake, mai ɗauka ba ya iya karanta abin da ke ciki, amma yana ganin adireshin da ke baya. Ya san wa ka aika wa, da ƙarfe nawa, sau nawa. In hukuma ta ce masa kada ya ƙara kai saƙo gida kaza, shi ke nan, ya daina. To VPN buhu ne da ake zuba duk ambulan ɗinka a ciki, a ɗaure baki, a miƙa wa direba guda. Mai tsaron ƙofa, wato kamfanin layinka ko mai wayifai, buhu kawai yake gani. Direban ya kai shi Landan ko Amsterdam, ya kwance a can, ya rarraba, wanda ya karɓa ya zaci daga can kake. Sai dai shi direban, duk adireshin da ka ɓoye wa mai tsaron ƙofa yana tafin hannunsa. Ka ga ke nan ba ɓacewa ka yi ba. Amanarka ka ɗauke daga hannun wanda ka san ofishinsa ka damƙa wa wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Duk sauran maganar da zan yi maka a kan wannan direban take: wane ne shi, kuma da me yake cin abinci.

Akwai abubuwan da tun farko kada ka sa ran zai yi maka. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, na ji samari suna cewa ai VPN zai buɗe. Bai buɗe ba, ba kuma zai buɗe ba, don inda babu hanya gaba ɗaya direba bai da abin da zai taka. Haka ba zai kare ka daga wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. In kuma ka shiga Facebook da sunanka da hotonka, Facebook ya san kai ne ko ta wace ƙasa ka ɓullo. Wanda ya fi kowa gani kuwa, ka san ba ta layin waya yake ganin bayinsa ba, don haka inda ba za ka shiga a gaban mahaifiyarka ba, kada buhu ya ba ka ƙarfin halin shiga.

Yawancinmu a 2021 muka fara jin sunan abin nan. Ranar 4 ga Yuni gwamnati ta sanar da dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ba a kuma buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A 'yan kwanakin farko kowa ya ruga ya sauke duk manhajar da ya gani an rubuta mata kyauta, ni ma ina ciki. Wadda na sa, kafin ta haɗu sai na kalli talla, in ta haɗu wani tallan ya biyo baya, wayar ta yi zafi a aljihu kamar an ɗauko ta daga rana, cajin da ke kai ni magariba ya koma ƙarewa da azahar. Ban san abin da take kwasa a ɓoye ba, amma na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai VPN yana biyan hayar manyan kwamfutoci a ƙasashe da dama, yana biyan ma'aikata da wuta da layi. In ba daga aljihunka kuɗin ke fitowa ba, daga wani wuri suke fitowa, kuma abin sayarwa mafi kusa da hannunsa shi ne labarinka.

Ba zato nake faɗa maka ba. A 2016 wasu masana, ciki har da na hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, sun gwada manhajojin VPN 283 na wayoyin Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa ma ɗaure buhun, saƙon a buɗe yake tafiya, mai wayar kuwa yana ganin alamar makulli ya saki jiki. Facebook ya sayi wata mai suna Onavo a 2013, ana raba ta kyauta da sunan kariya, alhali kamfanin na amfani da ita ya ga manhajojin da mutane suka fi buɗewa. A 2018 aka cire ta daga shagon Apple, a 2019 aka rufe ta. Wata kuma, Hola, a 2015 aka gano tana sayar wa wasu damar bi ta layin masu amfani da ita, wato baƙo ya yi aikinsa da adireshinka, in ɓarna ya yi sawun ya nuno ƙofarka.

Ba na ce duk na kyauta mugu ne ba. Proton VPN na ƙasar Suwizalan yana da tsarin kyauta wanda bai ƙayyade yawan data ba, kuma ya fito fili ya ce masu biya ne ke ɗauke da nauyin marasa biya. Ka ga wannan an san inda abincinsa ke fitowa. Irin wannan amsar nake so ka nema wa kowace manhaja kafin ta hau wayarka.

In ka zo kan na kuɗi, kowannensu zai rantse maka ba ya ajiye bayanan inda ka shiga. Rantsuwar talla ba ta da tsada. Abin dubawa shi ne ranar da aka matsa masa, me aka samu a hannunsa. A 2017 wani kamfani da ke irin wannan alƙawari ya miƙa wa hukumar FBI ta Amurka bayanan haɗuwar wani mai amfani da shi. Mutumin mai laifi ne, ban ji tausayinsa ba, amma abin ya nuna akwai ajiya a inda aka ce babu. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin Mullvad a birnin Gothenburg da takardar izinin bincike, kamfanin ya sanar cewa sun koma ba su ɗauki komai ba, don bayanan da suka zo nema babu su. A 2022 kuma, da Indiya ta kafa dokar da ta tilasta wa masu VPN ajiye bayanan abokan cinikinsu har shekara biyar, ExpressVPN da NordVPN da Surfshark kwashe kwamfutocinsu suka yi daga ƙasar. Irin waɗannan labaran sun fi mini dubun taurari a shagon manhaja. Ka duba kuma ko kamfanin yana gayyato oditoci na waje su binciki aikinsa, yana wallafa rahotonsu, da shekarar da aka yi na ƙarshe. Wanda ka nemi sunan mai shi da ƙasar da yake zaune ka rasa, ka wuce shi ko nawa ya rage maka.

Shafukan nan masu jera maka goma mafi kyau, ka karanta su kamar yadda kake sauraron dillali a Kantin Kwari. Kai ɗan kasuwa ne, ka san dillali ba lallai maƙaryaci ba ne, amma yana da la'ada. Yawancinsu ana ba su kamasho a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu. Wani lokaci ma dillalin da mai kayan gida ɗaya suke kwana: kamfanin Kape, mai CyberGhost da Private Internet Access, ya sayi ExpressVPN a 2021 kan dala miliyan 936, a shekarar kuma ya sayi kamfanin da ke da shafin vpnMentor mai auna VPN. NordVPN da Surfshark su ma sun haɗe a 2022. Sunaye da yawa a kasuwa, masu su 'yan kaɗan.

Yanzu batun biya, wanda shi ne ya kawo ka. Farashin da aka rubuta da manyan lambobi, dala biyu ko uku a wata, ba wata-wata za ka biya shi ba. Na shekara biyu ne a dunƙule, a cire lokaci guda. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙen da ba mai karantawa, an ce in wa'adin ya cika za a sabunta da kansa a kan wani farashin da ya fi wannan. Ni wannan ya same ni. Da na gaji da ta kyauta, a ƙarshen daminar 2021 na biya wa wani kamfani na shekara biyu, da gyaran 'yan watanni, da katin asusuna na dala. A lokacin dala ba ta kai naira 600 ba ko a kasuwar canji ta Wapa. Da aka buɗe Twitter na goge manhajar, na zaci an rabu. Ashe goge manhaja ba ya soke yarjejeniya. A farkon 2024, dala ta haura naira 1,500, ina zaune bayan sallar asuba sai ga saƙon banki, an cire kuɗin shekara guda da suka fi abin da na biya wa shekara biyu. Kuɗin da na ware wa rajistar jarrabawar ƙanwarka ne. Sai da na yi mako biyu ina rubuta musu kafin su dawo da su, kuma ranar da na ga saƙon nan ban iya karya kumallo ba.

Don haka ka biya na wata ɗaya. Zai fi tsada a lissafin wata, na sani, amma tafiyar taka mako uku ce. Kuma akwai abin da tallan bai faɗa maka ba: ƙasar Sin tana toshe VPN ɗin kansa, wanda ya yi aiki a watan jiya yana iya ƙi a wannan. In ka zuba kuɗin shekara biyu ka sauka ya ƙi haɗuwa, wa za ka kama? Da zarar ka biya, kafin ka rufe shafin, ka shiga asusunka ka kashe sabuntawa da kai. In ta shagon Google ko na Apple ka biya, a can za ka kashe, kuma a can ne za ka nemi kuɗinka in ka fasa, don alƙawarin mai da kuɗi cikin kwana 30 da kamfanoni ke yi ba kullum yake aiki a kan wanda ya saya ta shago ba. Mullvad na burge ni a nan: yuro 5 a wata, ko wata ɗaya ko shekara, ba ya tambayar suna ko imel, lamba kawai zai ba ka. Ga abokan cinikinka na Maraɗi lissafin ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 3,300 ke nan ba hawa ba sauka. Ban ce shi za ka saya ba, ka tambayi waɗanda suka dawo daga can a watan nan wanne ne ya yi musu aiki.

Katin naira, ka san yadda bankuna suka rage shi zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawa suka rufe sayayyar waje da shi, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa. Ka fara gwada naka. In ya ƙi, katin dala na cikin waya ya wadatar, ka zuba masa daidai kuɗin wata ɗaya, ka ga ko an zo cirewa ba za a tarar da komai ba. Abu biyu kuwa ina roƙonka ka nisance su. Na farko masu sayar da asusu a zaurukan WhatsApp kan naira dubu ɗaya ko biyu, sau da yawa na sata ne ko na katin sata, kuma haramun ba ta zama halal don ta yi araha. Na biyu manhajar da aka fasa, wadda yaran kasuwar waya ke turawa su ce an buɗe mata komai kyauta. Wanda ya iya fasa ta ya iya cusa mata abin da ya ga dama, a wayar da manhajar bankinka take.

Ka sauke tun kana Kano, don in ka sauka can shagon Google ba ya buɗuwa, Apple kuma ya cire manhajojin VPN daga shagonsa na ƙasar tun 2017. Ka gwada ta kwana biyu a layinka da kuma a wayifai, ka yi kiran bidiyo ka ga ko yana yankewa. A cikin saitinta akwai makunnin da ke katse intanet gaba ɗaya in haɗin ya tsinke, ka kunna shi, in ba haka ba wayar za ta ci gaba da aika saƙo a buɗe ba ka sani ba. In za ka shiga manhajar banki ka kashe VPN tukuna, don banki in ya ga asusun Kano ya ɓullo daga Holan yana iya kulle shi, kai kuma kana ƙasar da ba ka da kowa.

Ka kuma tuna kai baƙo ne. Dokar ƙasar Sin ba ta amince da VPN marar lasisin hukuma ba, don haka kada ka riƙa nuna wa mutane, kada ka sa wa kowa a wayarsa, kada kuma ka shiga maganar siyasarsu. Ciniki da masu masana'anta yawanci a WeChat ake yinsa, ka buɗe naka tun a nan. Ka je ofishin kamfanin layinka a buɗe maka damar amfani da shi a ƙasar waje, don datar layin gida kan bi ta gida ne, yawanci WhatsApp na buɗuwa da ita ba tare da VPN ba. Tana da tsada, ka ajiye ta don saƙon gaggawa, da kuma sanar da mahaifiyarka ka sauka lafiya, don na san ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da wayar da caji a cike, mu zauna a zaure mu sa ta tare. Allah ya kai ka lafiya, ya sa albarka a cikin fataucin.