Darasi: Idan Tunani Ya Hana Ki Barci

'Yan uwa mata, wace ce a cikinmu ba ta taɓa kwana ido biyu ba saboda ranar zubi ta matso, ga ƙuli-ƙuli bai sayu ba? Gaba yana faɗuwa, kai yana sara, ki dinga yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Wannan ita ce damuwa, kuma kowa tana iya kama shi.

Ga abin da za ki yi:

1. Ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi ta baki kina ƙirga 6. Ki maimaita sau 10.
2. Kada kunyar bashi ta hana ki zuwa taro. Ki sanar da shugaba tun kafin ranar biya, ƙungiya ta duba yadda za a sassauta miki.
3. Idan ciwo ne ko gobara, ki nemi asusun taimako. Don irin wannan rana muke tara shi.
4. Ki rage shayi da goro da daddare.

Idan kin yi mako 2 ba barci, ba cin abinci, ki je asibiti. Idan kuwa kina jin gara ki mutu, ki faɗa wa wadda kika yarda da ita, ta raka ki a ranar.

Mu tattauna: wa kike faɗa wa damuwarki?