Haɗa Ayyukan Ofis Da Zane: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

Kowane Hakimi ya san hanyar da labari ke bi kafin ya iso zaurensa. Mai unguwa ya ji, ya kai wa dagaci, dagaci ya kawo wa Hakimi, malami ya rubuta, sa'an nan takarda ta wuce fada. Kowa a cikin wannan jeri ya san daga hannun wa zai karɓa, ya kuma san wanda zai miƙa wa. To, yanzu ayyuka da yawa na lafiya da na rijistar haihuwa sun koma cikin kwamfuta da wayar hannu, amma sau da yawa ma'ajiyar wannan ofis ba ta san abin da ke cikin ta wancan ba. Sai a tarar da malami ya wuni yana kwafe sunaye daga nan zuwa can, kuskure kuwa yana shiga a kowane kwafi.

A da, ba mai iya haɗa ma'ajiya biyu sai gwanin da ya koyi rubuta umarni da harshen kwamfuta. Yanzu akwai manhajojin da a ke yin wannan aiki a cikinsu da zane. Mutum ya jawo akwati a fuskar kwamfuta, ya rubuta aikin da zai yi, ya ja kibiya zuwa akwati na gaba. Akwatin farko shi ke jiran abin da zai tayar da aikin, watau kamar shigowar saƙo. Wani akwatin tambaya ya ke yi, in amsa ta zama i ya bi da labari dama, in a'a ya bi da shi hagu. Wani kuwa shi ke ƙwanƙwasa ƙofar wata ma'ajiya ta intanet, ya nuna mabuɗin izini, ya ajiye labari ko ya ɗauko.

Kamfanin Yahoo na Amurka ya fito da irin wannan a 2007, ya sa masa suna Pipes, watau bututu. Daga baya aka sami Zapier, da Node-RED wanda ma'aikatan IBM suka ƙirƙiro a Ingila a 2013. Wanda ya fi kusa da aikin ƙasar nan shi ne RapidPro, wanda UNICEF ta fitar a 2014 tare da kamfanin Nyaruka na Kigali, domin yana aiki da gajeren saƙon waya, ko da wayar ba ta zamani ba ce. A kansa a ke gudanar da U-Report, wanda aka fara a Nijeriya a wannan shekara.

A ɗauka an haihu a wani gida a Minanata, cikin birnin Sakkwato. Mai unguwa ya aika da saƙo. Akwati na fari ya karɓa, ya tambaye shi ranar haihuwa da gidan. Na biyu ya sanar da ma'aikaciyar asibitin da ke kusa, gama akwai rigakafin da a ke yi tun ranar haihuwa, na tarin fuka da na shan inna da na ciwon hanta, wannan na ƙarshe kuwa an fi so a yi shi cikin sa'a 24. Na uku ya jira mako 6, ya tuna wa maigidan cewa lokacin allura ta gaba ya yi, haka kuma a mako na 10 da na 14, har zuwa ta ƙyanda a wata 9. Na ƙarshe ya kai jimillar wata ga DHIS2, ma'ajiyar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da gininta, wadda Nijeriya ke tara lissafin asibitocinta a ciki.

A nan ne sanin Hakimi da malaminsa ya fi na gwanin kwamfuta amfani. Baƙon da bai san al'adar ƙasa ba zai sa akwatin farko ya nemi sunan jariri, ya ƙi wucewa sai an rubuta. Alhali kuwa yaro ba shi da suna sai ranar bakwai. Ke nan labari zai tsaya mako guda, sa'a 24 ɗin nan ta wuce a banza. Abin da ya kamata shi ne a riƙe yaro da sunan uwa da na maigida da ranar haihuwa, a bar gurbin suna sai bayan an raɗa.

Har wa yau akwai wankan gida. Mace mai haihuwar fari ta kan koma gidan iyayenta, ta yi arba'in a can. In gidan mijinta na Minanata, na iyayenta kuwa na wata unguwa, masu unguwa biyu za su kawo labarin yaro ɗaya, kowa da gaskiyarsa, na'ura ta ƙirga biyu. Kwana arba'in kuma dab ya ke da mako 6, saboda haka allura ta biyu ta kan faɗo daidai lokacin da uwa ke komawa ɗakinta, tunatarwa ta tafi gidan da ta bari. Lalle ne a sa akwatin da zai tambayi inda mai jego ta ke zaune da inda za ta koma. Wannan ba ya bukatar ilmin kwamfuta ko kaɗan, sai dai a sami wanda ya sani yana zaune a wurin sa'ad da a ke zanen.

Ya kamata malamai su kwafe kowane zane a takarda, su ajiye cikin fayil, kada kuma a jingine littafin rijista. A watan Satumba na 2015 Yahoo ta rufe Pipes, waɗanda suka gina aikinsu a kansa suka koma neman wani wuri. Mabuɗin izini kuwa kamar hatimin ofis ya ke, ba a ba da aronsa, in malami ya bar aiki a canza shi nan da nan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara sunaye da lambobin wayar mutane, saboda haka kafin a ja kibiya zuwa wata ma'ajiya sai Hakimi ya tambaya ta wane ne, su wa ke iya buɗe ta, da kuma ko jimilla kaɗai za ta wadatar ba sai an aika da sunaye ba.