Miller Fisher da Asalin Shanyewar Ɓarin Jiki

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, likitoci da dama suna ɗaukar shanyewar ɓarin jiki a matsayin cutar da ke faɗa wa mutum ba sallama, wadda babu abin yi game da ita sai jinya. Akasarinsu sun yi imani cewa jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa ne ke tsukewa haka kawai, ko kuma su toshe a can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Wanda ya fi kowa taimakawa wajen kawar da wannan fahimta shi ne Charles Miller Fisher, likita ɗan ƙasar Kanada da aka haifa a 1913. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Toronto a 1938. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwan da yake aiki a ciki a 1941, ya shafe fiye da shekara uku a sansanin fursunoni. Bayan yaƙi ne ya duƙufa ga nazarin ƙwaƙwalwa.

A wani asibitin tsofaffin sojoji da ke birnin Montreal, wani majinyaci ya shaida masa cewa kafin ɓarin jikinsa ya shanye, idonsa ɗaya ya riƙa makancewa na 'yan mintoci sa'an nan ya washe. Abin lura shi ne, idon da ke makancewa yana gefe guda, ɓarin da ya shanye yana ɗaya gefen. To, me ya haɗa su?

Amsar tana cikin tsarin jiki. Manyan jijiyoyin jini biyu ne ke hawa ta gaban wuya, dama da hagu, waɗanda masana ke kira karotid. Kowace ɗaya, da ta shiga ƙoƙon kai, takan fitar da reshe zuwa idon da ke gefenta, sa'an nan ta wuce ta shayar da sashen ƙwaƙwalwa na wannan gefen. Shi kuwa sashen dama na ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu na jiki yake sarrafawa, na hagu kuma dama. Ashe ke nan jijiya ɗaya tak a wuya tana iya haddasa alamun biyu.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba a kula da wannan ba abin mamaki ne. A wajen binciken gawa, ba a saba cire jijiyoyin wuya ba, domin ta nan masu shirya gawa a ƙasashen Turawa ke ɗura maganin hana ruɓewa. Fisher ya riƙa cirowa yana dubawa, ya tarar da kitse da daskararren jini sun cushe su, musamman a inda jijiyar ta rabu biyu. Wasu masana kamar Chiari sun ambaci haka tun 1905, amma ba a ba maganarsu muhimmanci ba. A maƙalarsa ta 1951, Fisher ya haɗa abin da majinyata ke faɗa da abin da ya gani a gawa, ya nuna cewa ɗan gajeren makanta, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar harshe da ke wucewa, gargaɗi ne. Ya kuma yi hasashen wata rana likitocin tiyata za su iya gyara jijiyar.

Ba a jima ba kuwa. A 1954 wasu likitoci a Landan suka ba da rahoton yin nasarar irin wannan aiki. Sai dai an ɗauki shekaru ana yin tiyatar ba tare da tabbacin wa take amfana ba, har zuwa 1991 lokacin da wani babban gwaji a Amurka da Kanada ya ba da sakamako. Cikin majinyatan da suka sami gargaɗi kuma jijiyarsu ta tsuke da kashi 70 cikin 100 ko fiye, kashi 26 na waɗanda aka bai wa magani kaɗai sun gamu da cutar cikin shekara biyu, amma kashi 9 ne kawai cikin waɗanda aka yi wa tiyata.

Fisher ya koma Babban Asibitin Massachusetts a Boston a 1954. A can ya juya ga ƙananan ramuka da ake gani a tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda faɗinsu bai cika wuce milimita 15 ba. Aiki ne mai cin rai: yanka ƙwaƙwalwa sala-sala har dubbai, ana bin jijiya mai kaurin gashi a ƙarƙashin madubin likita har a kai inda ta toshe. Ya nuna cewa waɗannan ramuka tabon ƙananan shanyewa ne, kuma hawan jini ne ke lalata bangon jijiyoyin. A ganinmu wannan sashe na aikinsa ya fi shafar mu, domin wani bincike da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo cutar a wannan yanki.

Fisher ya rasu a 2012 yana da shekara 98. Ma'aunin da ya fitar a 1980, na kimanta yawan jinin da ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa daga hoton na'ura, har yau da sunansa ake kiran sa.