Hattara da Makulli Mai Sauyawa Wajen Kewaya Rumbun Bayanai

Masu gyara manhajojin ƙananan ƙungiyoyi a Lozells ta Birmingham da unguwannin Manchester suna iya tarar da sunayen mambobi a tsarin da ake kira hash, wato rumbun bayanai wanda kowane makulli a cikinsa yake buɗe abin da aka adana a ƙarƙashinsa, a nan jerin sunaye, ta yadda B19, lambar gidan waya ta Lozells, za ta riƙe jerin mazauna can, M14 kuma ta riƙe na Rusholme ta Manchester. Harshen rubuta manhaja na Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, ya samu damar saka jeri cikin rumbu ne a Perl 5 na 1994, kuma kewaya irin wannan rumbu na bukatar zagaye biyu: na waje ya bi makullai, na ciki ya bi jerin kowane makulli.

Matsalar tana ɓullowa ne idan makullin ba a rubuce yake cikin manhajar ba, sai dai ya fito daga abin da sakatare ya shigar. Kwamfuta tana ɗaukar B19 da b19 a matsayin makullai biyu daban, kuma idan aka sa umarnin foreach ya kewaya jerin makullin da babu shi, Perl ba ya yin gargaɗi, sai ya ƙirƙiri makullin da jeri wanda ba kowa a ciki. Ta haka unguwar da ba ta wanzu ba take shiga rahoto, mutanen da suka biya gudummawarsu kuma a ga kamar ba su biya ba, abin da kan jawo zargi tsakanin 'yan'uwa alhali laifin na mai rubuta manhajar ne.

Akwai kuma batun jerantawa, domin rumbun ba ya riƙe makullai bi da bi, kuma tun daga Perl 5.18 na 2013 jerinsu yana iya sauyawa duk lokacin da aka kunna manhajar, saboda dalilan tsaro.

Don haka wajibi ne mai wannan sana'a ya mayar da haruffan makulli iri ɗaya kafin ya adana, ya tabbatar da samuwarsa ta umarnin exists kafin ya kewaya, sannan ya jera makullan da sort. Shugabannin ƙungiyoyi kuma su riƙa gwada rahoton kwamfuta da littafin ma'aji kafin a karanta shi a gaban taro.