Ƙas-ƙas a Injin Babur: Kar Ka Fara da Sifirin

Ɗan'uwa mai babur a Dauran, idan injinka ya fara ƙas-ƙas, wani zai ce a sa sifirin mai ƙarfi don baƙin mai ya hau da ƙarfi. Dakata tukuna. A yawancin ƙananan babura da muke hawa, sifirin da ke bayan murfin zubar da mai rariyar tace mai kawai yake riƙewa. Ƙara masa ƙarfi ba ya ƙara matsin mai. A injin da ke da sifirin matsi kuwa, mai tauri da yawa na iya sa gasket ya fara yoyo, ciwon kuma yana nan.

Fara da baƙin mai. Kafa babur a tsaye, ka zaro gejin, ka murza man a yatsu. In ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ya tsinke kamar ruwa, canza shi, ka wanke rariyar da fetur. Ƙurar hanyar Zurmi zuwa Kaura Namoda, musamman da hunturu, tana lalata mai da wuri, don haka a riƙa duba matatar iska.

In ƙarar ta ci gaba, bakanike ya auna ratar bawul da inji a sanyaye, sannan ya duba sarƙar taimin. Nan ƙas-ƙas ya fi ɓuya.

Amma in ƙarar ta koma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, don Allah kashe shi nan take, ka tura shi gareji.