Auduga Da Wuta A Cikin Kumbo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtua da Malumfashi ya san auduga ba ta ga maciji da wuta. In hunturu ya kama, aka tara ta a kasuwa ko a gidan gurza, guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye wahalar damina. To, jama'a, ko kun san masanan Amurka sun taɓa aika ƙyalle mai auduga sararin samaniya, suka cinna masa wuta da gangan?

Ga mafarin abin. Ran 27 ga Janairu, 1967, 'yan sama-jannati uku, Grissom da White da Chaffee, suna gwaji cikin kumbon Apollo 1, bai ko tashi ba, sai gobara ta kama. An cika ɗakinsu da iskar oksijin zalla, alhali a iskar da muke shaƙa oksijin kashi 21 ce kawai cikin 100. Wanda ya ga maƙeri yana zuga gawayi ya san abin da ƙarin iska ke yi wa wuta. Nan take kayan nailan suka kama. Ƙofar kuwa ta ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta, duk ukun suka mutu. Bayan wannan aka sauya ƙofar, aka kuma ɗinka wa 'yan sama-jannati tufafi na zaren gilashi.

Amma da sauran rina a kaba, domin halin wuta a sama daban ne. A nan duniya iska mai zafi takan tashi, mai sanyi ta maye gurbinta, shi ya sa harshen fitila ke da tsini. A can babu nauyi, sai harshen ya dunƙule ya yi shuɗi, yana ci a hankali, fankokin kumbo ne ke kai masa iska. Saboda haka in na'ura ta ji hayaƙi a Tashar Sararin Samaniya, fankoki ake fara kashewa. Mu dai ba mu da makunnin kashe iskar hunturu! Abin tsoron shi ne, wani kayan da ya ƙi kamawa a gwajin ƙasa yana iya kamawa a can.

Don haka a 2016 hukumar NASA ta fara gwajin Saffire. Cikin kumbon dakon kaya mai suna Cygnus, ba kowa a ciki, aka ƙona ƙyallen auduga haɗe da zaren gilashi, tsawonsa kamar mita 1. Wutar ta bi shi a hankali, ba kamar a ƙasa ba. Sau 6 aka yi irin wannan gwaji zuwa 2024, kowane karo sai an turo hotuna da awo ƙasa kafin kumbon ya faɗo ya ƙone a iska.